Gidan Allah na Ewelme: Makaranta da Gidan Gajiyayyu a Gangare Guda

A kudancin yankin Oxford na ƙasar Ingila, a gindin tsaunukan Chiltern, akwai wani ƙauye da ake kira Ewelme. Ba wani girma gare shi ba, mutanensa dubu ɗaya ne da 'yan kai, kuma wani ɗan rafi mai ruwa garai-garai ya ratsa ta tsakiyarsa. Abin da ke jan baƙi zuwa can shi ne wasu gine-gine uku da ke jere a kan gangare, kowanne ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa. A can sama akwai coci. A ƙasa da shi kaɗan akwai gidan gajiyayyu, wanda tun asali aka raɗa masa suna Gidan Allah. A can ƙasa kuma, bakin titi, akwai makaranta. Dukansu aikin ƙarni na 15 ne, kuma har yau kowanne yana aikin da aka gina shi dominsa: ana ibada a cocin, tsofaffi na kwana a gidan, yara na karatu a makarantar.

Wannan jeri ba haka kawai ya zo ba. Wanda ya san abin da masu ginin suka nufa zai ga cewa yarjejeniya ce aka rubuta da bulo da katako, tsakanin masu dukiya da marasa ita, kuma kowace ƙofa da kowace matakala tana da sharaɗin da take wakilta.

Masu ginin mata da miji ne. Matar ita ce Alice, 'yar Thomas Chaucer, mai gonakin Ewelme wanda ya sha riƙe shugabancin majalisar wakilan Ingila, kuma jikar Geoffrey Chaucer, shahararren mawaƙin nan da ya rasu a 1400. Mijin shi ne William de la Pole, basarake mai riƙe da sarautar Suffolk, jarumin yaƙin da Ingila ta daɗe tana yi da Faransa, wanda daga baya ya zama na hannun daman Sarki Henry na Shida. Shi ne mijinta na uku, sauran biyun sun riga sun mutu. A 1437 sarki ya ba su izinin kafa gidan da zai ɗauki limaman coci biyu da talakawa maza goma sha uku. Adadin ba na ganin dama ba ne, ishara ce ga Annabi Isa da manyan almajiransa goma sha biyu, kuma gidajen gajiyayyu da dama na wancan zamani sun bi shi, har da wanda aka kafa a Landan da dukiyar Richard Whittington a 1424, wanda dokokinsa suka zama abin koyi ga na Ewelme.

Me ya sa manyan mutane irin waɗannan za su zuba dukiya a ƙaramin ƙauye? Tausayi na ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Kiristocin Ingila na wancan lokaci 'yan Katolika ne, kuma sun yi imani cewa ran mamaci yakan tsaya a wani wurin tsarkakewa kafin ya kai ga rahama, addu'ar masu rai kuma tana rage masa daɗewa a wurin. Sun kuma ɗauka cewa addu'ar talaka ta fi ta mai kuɗi saurin karɓuwa. To, shi ke nan ciniki ya faɗa: mai dukiya ya ba da ɗaki da murhu da kuɗin cefane, talaka ya biya da addu'a kullum, har abada. Dokokin gidan, waɗanda aka rubuta tsakanin 1448 da 1450, sun tanadi cewa kowane dattijo zai karɓi kwabo 14 a mako, wato sule ɗaya da kwabo biyu, limaman kuma fam 10 kowannensu a shekara. Kowane dattijo zai sa riga mai jan gicciye a ƙirji, ya halarci ibada sau da yawa a yini, ya tsaya tare da 'yan'uwansa a gefen kabarin iyayen Alice su yi wa sarki da masu gidan da magabatansu addu'a.

Da zarar mutum ya riƙe wannan a ransa, tsarin ginin sai ya buɗe masa.

Gidan gajiyayyun murabba'i ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida ta kusurwa huɗu, da rijiya a tsakiya. Kowane mazauni yana da nasa ɗan muhalli mai hawa biyu: ɗaki a ƙasa mai murhu da bututun hayaƙi, ɗan ɗakin kwana a sama. A yau wannan ba abin a-zo-a-gani ba ne, amma a Ingila ta ƙarni na 15 yawancin talakawa a tsakiyar ɗaki suke hura wuta, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta cikin jinka. Tsofaffin asibitocin sadaka na ƙarnukan baya kuwa babban zaure ɗaya ne, a jera gadaje a ciki, kowa na jin tarin kowa. A Ewelme an ba tsoho ƙofarsa da wutarsa. A ganina nan ne ginin ya fi nuna mutunta ɗan Adam, fiye da duk wata sassaƙa da ke cikin cocin.

Sai dai ƙofofin ɗakunan ciki suke kallo. Duk wanda zai fita ɗakinsa sai ya faɗo cikin wata baranda mai rufi da ta zagaye tsakar gidan gaba ɗaya. Barandar tana kare tsoho daga ruwan sama da iskar hunturu, tana kai shi ɗakin maƙwabcinsa ba tare da ya jiƙe ba. Tana kuma sa idon kowa a kan kowa. Dokokin sun hana yawon banza da bara da zaman mashaya da husuma, sun kuma ba shugaban gidan, wato limami na farko, ikon yanke wa mai laifi kuɗinsa na mako ko ya kore shi. An zaɓi ɗaya daga cikin dattawan goma sha uku ya zama mai lura da sauran, shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke kai rahoto. Gini mai tsakar gida ɗaya da 'yan mashigai kaɗan ya sauƙaƙa masa aiki ƙwarai. Jin daɗi da sa ido, bango ɗaya ne ya ɗauke su duka biyu.

Daga ɓangaren gabas na barandar wata matakala mai rufi ta hau kai tsaye zuwa ƙofar yamma ta cocin. Wannan matakala ita ce zuciyar aikin. Mai ginin ya san mazauna gidan tsofaffi ne, masu ciwon gwiwa da tari, ya kuma san yanayin Ingila da yawan yayyafi. Bai bar wa kowa uzurin cewa ruwa ne ya hana shi zuwa addu'a ba. Daga bakin murhu har gaban kabarin masu gida, mutum yana ƙarƙashin rufi. Masaukin shugaban gidan ma a wannan ɓangare yake, kusa da matakalar, tare da ɗakin ajiye takardun gidan, ta yadda mai hawa da mai sauka duk ta gefensa za su bi.

Kayan ginin su ma suna da labarinsu. Ƙasar Chiltern ƙasar alli ce da ƙanƙarar dutse, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, ga kuma dazuzzuka. Da waɗannan mutanen yankin suka saba gini. Jan bulo gasasshe kuwa baƙo ne a lokacin. Rumawa sun yi amfani da shi a Birtaniya, amma bayan tafiyarsu sana'ar ta mutu ɗaruruwan shekaru, sai daga baya ta dawo ta tashoshin jiragen ruwa na gabashin ƙasar, masu ciniki da Filandas da Holan. Ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi ita ce Hull, kuma daga can zuriyar de la Pole ta fito. Mahaifin kakan William ɗan kasuwar ulu ne da ya yi kuɗi har yana ba Sarki Edward na Uku rance, shi ne kuma magajin garin Hull na farko. Birnin ya yi suna da ginin bulo tun ƙarni na 14, kuma kakan William ya kafa wani gidan gajiyayyu a can a 1384, shi ma mai suna Gidan Allah. Saboda haka abin da William ya kawo ƙauyen matarsa gadon gidansu ne, suna da kayan gini duka. Gine-ginen Ewelme na cikin tsofaffin ayyukan bulo a duk yankin Oxford.

A wancan zamani bulo ado ne na manya. Sarki Henry na Shida da shi ya gina kwalejinsa ta Eton da ya kafa a 1440, manyan fadawa kuma da shi suke gina gidajensu, irin su Tattershall da Herstmonceux. A ce an yi wa talakawa goma sha uku da 'ya'yan manoma gini da kayan da sarki ke alfahari da shi, akwai karamci a ciki, akwai kuma nuna isa. Wanda ya wuce ta titin zai san cewa masu wannan wuri ba ƙananan mutane ba ne.

Hannun magina na ƙetaren teku ya fi fitowa a ƙofar shiga gidan ta arewa. Goshin ƙofar bai tashi da santsi kamar dala ba, hawa-hawa aka yi shi kamar matakala ta kowane gefe, salon da ya cika biranen Filandas irin su Bruges. A cikin tsakar gida kuwa aikin ya koma na Ingila: ginshiƙai da gungumen katako ne ke ɗauke da nauyi, aka cike tsakaninsu da bulo da aka jera a karkace, layi ya kwanta dama layi ya kwanta hagu, kamar ƙayar kifi. A tsakiyar kowane ɓangare na barandar akwai mashiga mai ɗan goshi na katako da aka sassaƙa masa ado. Ginin gajere ne, rufinsa na fale-falen yumɓu ya sauko ƙasa sosai, komai an yi shi daidai tsayin mutum. Ba ya razana mai shiga kamar yadda manyan coci-cocin birane ke yi.

Cocin, mai sunan Maryamu, Alice da mijinta sun sake gina shi kusan gaba ɗaya, hasumiyarsa kawai ta girmi aikinsu. Masana gine-gine sun daɗe da lura cewa ya fi kama da coci-cocin Suffolk, ƙasar sarautar William, fiye da na maƙwabtansa: faffaɗa ne, mai manyan tagogi da yalwar haske, an yi wa bangonsa na gabas ado da farin dutse da baƙar ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya kamar gidajen dara, an kuma naɗa masa rawani na bulo. A kusurwarsa ta kudu maso gabas akwai ɗakin ibada mai sunan Yahaya Mai Baftisma, wanda shi ne na mutanen gidan gajiyayyu. A nan kabarin Thomas Chaucer, wanda ya rasu a 1434, da matarsa Maud yake.

Kabarin Alice kanta yana tsakanin wannan ɗaki da babban wurin ibada, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. An sassaƙa shi da wani farin dutse mai laushi, hawa uku. A sama ga siffarta kwance cikin kayan sarauta, da kambi a ka, hannaye a haɗe tana addu'a. A tsakiya ga akwatin kabarin, mala'iku na riƙe da garkuwoyi masu tambarin dangoginta. A can ƙasa, bayan wasu 'yan tagogin dutse, ga wata siffar tata kuma, gawa ramammiya cikin likkafani, ƙasusuwa a fili, idanu a buɗe suna kallon zanen waliyyai da aka yi a saman ramin, zanen da mai ziyara ba ya iya gani sai ya kwanta a ƙasa. Saƙon ba ɓoyayye ba ne: ga yadda duniya ta san ni, ga yadda na koma, ku yi mini addu'a. Mutanen da aka fi nufa da saƙon su ne tsofaffin da ke hawowa ta matakalar nan kowace safiya.

Mijin bai ga ƙarshen aikin cikin kwanciyar hankali ba. An ɗora masa laifin asarar yankunan Ingila a Faransa, majalisa ta taso masa, sarki ya kore shi daga ƙasa don ya tsirar da ransa. A watan Mayu na 1450 aka tare jirginsa a teku, aka fille masa kai, aka yar da gawarsa a gaɓar Dover. Alice ta rayu shekara 25 bayansa, ta riƙe dukiyar gidan da hannun ƙarfe cikin yaƙin basasar da ya biyo baya, ta aurar da ɗanta John ga 'yar'uwar wanda ya zama Sarki Edward na Huɗu, ta rasu a 1475. Idan aka ce Ewelme aikin mutum ɗaya ne, to nata ne.

Saura makaranta, wadda ita ce mafi sauƙin fasali a cikin ukun. Dogon gini ne na bulo mai hawa biyu, babban ɗaki ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama ƙarƙashin rufin katako. Ta gefen titi manyan bututun hayaƙi biyu sun fito daga jikin bango sun miƙe sama, ginshiƙai na tokare da kusurwoyi, tagogin kuma an yi musu baki da dutse, da ƙananan mala'iku masu riƙe da garkuwar tambarin masu gida. Gidan malami na manne da ita, yana haɗa ta da sauran harabar. Bututun nan biyu suna faɗin abu ɗaya da na ɗakunan tsofaffi: yaro ba ya karatu da sanyi a ƙashinsa.

Wurin da aka ajiye ta ma da hikima. Gidan tsofaffi ya juya wa duniya baya, makaranta kuwa ta fuskance ta, domin ɗalibanta daga gidajen ƙauye suke zuwa su koma. An kuma nisanta hayaniyar yara da wurin ibada da ɗakunan masu neman hutu. Limami na biyu shi ne malamin, aikinsa koyar da nahawun Latin, harshen coci da shari'a da takardun mulki a lokacin, kuma dokokin sun ce ya koyar da yaran Ewelme da na sauran gonakin gidan kyauta, kada ya karɓi ko anini. Ɗan manomin da ya iya Latin ya samu hanyar zama limami ko magatakarda, watakila ma ya kai jami'ar Oxford da ke 'yar tafiya kaɗan daga nan. Ba kullum makarantar ta yi armashi ba. Ta yi zamanin lalacewa, ɗalibai suka ƙaranta, gini ya tsufa, sai a ƙarni na 19 aka farfaɗo da ita a matsayin makarantar yaran ƙauye. A yau firamare ce ta gwamnati mai alaƙa da Cocin Ingila, kuma ana yawan ambatonta a matsayin ginin makaranta mafi tsufa a ƙasar da har yanzu firamaren gwamnati ke amfani da shi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda wurin ya kai yau, alhali ire-irensa da yawa sun zama kango ko sun ɓace. Ƙarfin bulo ba ya isa amsa. Amsar farko tana cikin gonaki. A 1442 aka mallaka wa gidan manyan filaye uku, Marsh Gibbon a Buckinghamshire, Conock a Wiltshire, da Ramridge a Hampshire, domin kuɗin hayarsu ya riƙa biyan limamai da tsofaffi da gyaran rufi. Musulmi zai gane wannan tsari nan take, domin shi ne waƙafi: a tsare asalin dukiya, a ciyar da amfaninta. Masu gidan ba su tsaya ga aza harsashi da buɗe gini ba, sun tanadi abin da zai toshe yoyo bayan shekara ɗari, kuma wannan ne ɓangaren da masu gina abin sadaka suka fi mantawa da shi a ko'ina.

Amsa ta biyu sa'a ce da ta zo cikin rigar masifa. Zuriyar de la Pole ta shiga rigimar gadon sarauta da gidan Tudor, aka ƙwace dukiyarsu, aka kashe jikan Alice, Edmund, a 1513. Ewelme ta koma hannun sarki. Da Ingila ta raba gari da Paparoma, aka rushe gidajen sufaye, sannan dokar 1547 ta soke cibiyoyin da aka kafa domin yi wa matattu addu'a, Gidan Allah ya tsira, kasancewarsa a ƙarƙashin inuwar fada ya taimaka masa. Aƙidar da ta haifi ginin ta faɗi a hukumance, ginin da tsofaffinsa suka ci gaba. A yaƙin basasa na ƙarni na 17, lokacin da sojojin majalisa ke farfasa siffofi a coci-coci, mutanen ƙauyen na ba da labarin cewa wani hafsansu ɗan garin, Kanar Francis Martyn, shi ya hana a taɓa wannan cocin.

A 1617 Sarki James na Ɗaya ya haɗa muƙamin shugaban gidan da kujerar babban farfesan likitanci na jami'ar Oxford, don ya ƙara wa farfesan abin hannu. Yawancin waɗanda suka riƙe muƙamin ba su damu da ƙauyen ba. Wanda ya bambanta shi ne Sir William Osler, shahararren likitan nan ɗan Kanada da ya hau kujerar a 1905. Yakan zo ya kwana a masaukin shugaba, ya duba lafiyar tsofaffin, kuma shi ya sa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da ya yi tsatsa a ɗakin takardu. A ciki aka tarar da takardun kafa gidan na ƙarni na 15, danshi ya fara cinsu. Ya sa aka shanya su, aka gyara, aka ɗaure su cikin kundaye, kuma da su masu bincike ke aiki har yanzu.

Gyara mafi girma da aka yi wa cikin gidan ya zo a shekarun 1970. Ɗakin da ya zama gata a 1450 ya yi wa tsohon wannan zamani ƙunci, ba banɗaki, ba kicin na kirki. Sai aka fasa bangayen ciki, muhallai goma sha uku suka koma takwas masu faɗi, aka gina wasu sababbi a cikin ƙauyen don cike gurbin. Mata ma yanzu suna samun ɗaki, rigar jan gicciye kuma ta daɗe da zama tarihi. Masu son tsohon abu ya tsaya cak za su ce an ɓata lissafin da Alice ta yi da gangan. Ni dai ina ganin amintattun gidan sun yi daidai, domin da an bar ɗakunan yadda suke, da sai dai a mai da wurin gidan tarihi, a kwashe tsofaffin a kai wani wuri. Daga waje ba a taɓa fuskar ginin ba. Cocin da gidan da makarantar duk suna cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da dokar Ingila ta kare, wanda ke nufin ko taga ba a sauyawa sai da izinin hukuma, kuma kuɗin gyaran gidan har yanzu daga dukiyar da aka ware masa tun ƙarni na 15 yake fitowa.